Ashe Ta Goya Shi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, ya sa wa zaman nesa albarka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma faɗa da mai wanki, ka ga kuwa lafiya ta samu. Baba ma yana nan garau, sai idon nan nasa da ya daina karatu.

To Yaya, gyara zama, yau ranar cika bakina ce. Ka tuna da na ce zan bi asalin gidanmu ta takardun haihuwa da na rasuwa, ka yi mini dariya a waya, ka ce aikin wanda ya rasa abin yi ne? Ba jera sunayen kakanni ne ya tashe ni ba. Ka san abin da Baba ya girma da shi, wai wajen haihuwarsa mahaifiyarsa ta rasu. Goggon da ta raine shi, Allah ya yafe mata, ita ke jefa masa maganar duk sanda ya ɓata mata rai, ta ce tun ranar da ya zo duniya ya fara ɓarna. Ga shi ya haura saba'in, amma ko sunan mahaifiyar aka ambata sai ya tashi ya bar wurin. Abin ya daɗe yana ci mini rai, masu faɗin yadda aka yi kuma ƙasa ta rufe musu ido.

Asibitin da aka haife shi an rushe shi tuntuni, takardunsa suna ɗakin ajiya na ofishin rajista, wani lungu ƙarƙashin bene, da fanka ɗaya mai juyawa kamar an yi mata dole. Matar da ke riƙe da mabuɗin ba ta haɗa hanya da fara'a ba, amma ta miƙo mini kundin shekarar. Na sami haihuwar Baba, ga sunan mahaifiyarsa, ga na kakanmu da sana'arsa ta ɗinki. Sai na nemi rasuwarta a watan, babu. Na bi shekarar kaf, babu. Matar ta ce ƙila a gida ta cika ba a rubuta ba, in haƙura. Na dawo jiki a sanyaye, don ni ma inda Goggo ta nuna kawai nake dubawa.

Ina tsakar wanke-wanke abin ya faɗo mini: wa ya ce lallai a shekarar ta rasu? Ka dai san taurin kaina. Na koma na ce a ba ni na shekarun gaba. Matar ta nuna mini kwalaye can saman kanta, ta ce ita bayanta ba na haya ba ne. Na taka kujera na sauke su ina atishawa. Mai nema yana tare da samu, Yaya. A kundi na uku na gan ta, sunanta, sunan mijinta tela, unguwa ɗaya, zazzaɓi ne ajalinta. Lokacin Baba ya wuce shekara biyu a duniya. Farin ciki ya sa na rungume matar nan, ita kuwa ta ture ni ta buga wa kwafin hatimi.

Da yamma na sami Baba a kujerarsa na karanta masa. Ya sa na maimaita shekarun, ya ƙirga da yatsunsa. Can ya tambayi Mama ko ɗan shekara biyu yana tafiya, yana magana. Mama ta ce kai Yaya a waɗannan shekarun ka gama fasa mata kwanukan tangaran, bakinka kuma ba ya rufuwa. Baba ya yi dariya hawaye na bin gemunsa, ya ce ashe ta goya shi, ashe ta ji ya kira ta. Sannan ya ambaci sunanta da bakinsa ya yi mata addu'a, muka ce amin. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, Allah ya sauke ta lafiya, da yaran, Babban Mutum da 'yar rigimata. Mama da Kawu Direba da Inna Ƙarama duk suna gaishe ku. Baba kuma ya ce in faɗa maka, in mace aka samu kada ka wahalar da kanka neman suna, shi zai raɗa mata na mahaifiyarsa da kansa.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Auta