Waken Inna Ya Dawo, Amma Bai Cika Ƙwarya Ba

Malam Mai Shawara, don Allah ka agaza mini, murna na nema ta sa ni yin ɓarna. Ka yi haƙuri da rubutuna, bara na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci.

Marigayiya innarmu tana da wani wake mai ɗigo-ɗigo, tana kiransa ɗan-zabuwa. Ba ya jimawa bisa wuta, romonsa kuwa kauri gare shi kamar an zuba man shanu. A shekarar fara irin ya ƙare mana, ita ma ba ta daɗe ba ta rasu. Mun cigita har mun gaji.

Ran nan kafin damina na je Wurogauri ta'aziyya, aka kawo shinkafa da wake. Loma ɗaya na kai baki na gane waken Inna ne, na ajiye hannu, hawaye suka zubo, mutane suka zaci mamacin nake tunawa. Na yi ta tambaya har aka kai ni wurin Baba Delu, tsohuwar da ta ba da waken. Ta ce ita ma daga kakarta ta gada, ta ƙulle mini tafi ɗaya a tsumma, ko na gode ba ta tsaya ji ba.

Na shuka a bayan gida, na yi masa darni saboda awaki. Malam, da ka ga yadda ya yi yaɗo! Maƙwabta har leƙe suke. Yanzu na yi roro, amma bai cika ƙwarya ba.

Ga inda na tsaya. Yayana Usman zai tashi aikin hajji da ƙafa bayan kaka, ba mu san shekarar dawowarsa ba, ya kuma roƙe ni ya ɗanɗana waken Inna kafin ya tafi. Sai ga labari gulbi ya cinye gonar Baba Delu, ko ƙwaya ba ta fitar ba. Ashe nawa ne kaɗai ya rage. In dafa wa ɗan'uwana, ko in liƙe tulu?

Naka, Mai Murna, Dodoru ta ƙasar Gwandu.

Mai Murna, barkanka da arziki. Dafawar da ajiyar duka za su yiwu, in ka bi su daki-daki.

Fara da Baba Delu, don hakkinta ke gaba. Zazzage waken a faifai, ka tsince manyan ƙwayoyi marasa huji, ka raba biyu, ka kai mata rabi da ƙafarka. Wannan ma dabara ce: irin da ke gida biyu ba ya ƙarewa da ɓarnar gona ɗaya.

Naka rabin ka shanya shi ya bushe ƙarau, ka cuɗa da tokar da aka tankaɗe da busasshen barkono, ka zuba a ƙaramin tulu ka liƙe baki da laka. Baɗi ka shuka shi nesa da sauran wake.

Ƙananan da fasassun da suka rage a faifai su ne na Usman. Kada ka raina su, ɗanɗanonsu ɗaya da manyan. A dafa su da shinkafa, ku ci akushi guda. Roƙonsa ba kwaɗayi ba ne, kewar uwa ce, kuma mai doguwar tafiya ba a ce masa sai baɗi.

Allah ya jiƙan innarku, ya mayar wa Baba Delu da alheri, ya kai Usman lafiya ya dawo muku da shi.