Ɗigo Uku, Zane Biyu

Baban Rifkatu, ina gaishe ka da kyau. Na san ba mai kai maka wannan takarda, amma ko kana raye ai ba ka cika saurarona ba, don haka bari in faɗi tawa.

Rifkatu ta ci jarrabawarta a Kafanchan. Ni ina nan ƙasar Larabawa, a ɗakinmu na unguwar Fereej Abdel Aziz, daga aikin asibiti sai gida.

To, ga laifina. Abokan aikinka 'yan Filifin, waɗanda kake riƙe wa lissafin wasan besbol, na jifan ƙwallo da bugunta da sanda, duk Juma'a, sau uku suna zuwa neman littafinka. Na ce musu ya ɓata. Ƙarya na yi, yana ƙasan akwatina.

Ka tuna masifar da nake yi in ka sulale daga sujadarmu ta Juma'a a coci tun ba a yi addu'ar rufewa ba, wai za a fara wasa? Ƙaton mutum da fensir a kunne! Sai da ka tafi na zauna na koyi alamominka. Ɗigo shi ne jifan da ya kauce, in sun kai huɗu mai bugu ya taka zangon farko salin alin. Zane kuma jifa mai kyau ne da ya wuce shi, daga na uku ya fita. Me ya hana ni tambayarka kana nan?

A shafin ƙarshe akwai ɗigo uku, zane biyu, sai wani dogon layi da fensir ya ja har ƙasan takarda, lokacin da ka yanke jiki ka faɗi. A ruɗanin ranar ba wanda ya riƙe inda aka tsaya. Su kuwa a dokarsu, wasan da aka katse daga nan ake ɗorawa, ba a komawa farko. Wata biyar ke nan suna jirana.

In na shiga jirgin ƙasa a Mushairib gyangyaɗi ya ɗauke ni, filin wasan nake gani. Ranar ba ta ƙuna. Ƙwallon tana rataye a iska, ba ta gaba ba ta baya, kai kana inuwa da fensir a ɗage. Muddin ba ta sauka ba, kana nan zaune. Ina tsoron saukarta, Baban Rifkatu, tsoro sosai.

Amma ba zan ci gaba da yi wa mutanen kirki ƙarya ba. Jibi zan kai musu, ni zan riƙe fensirin. Na ji cewa in mai bugu yana da zane biyu, ya taɓa ƙwallon ta fita gefe, ba a ƙara masa komai, sai a sake jifa, ko sau nawa ne. Allah ya sa mutumin nan ya yi ta taɓawa har rana ta faɗi.

Ka huta lafiya.

Matarka mai tsiwa,
Saratu