Fadamar Diggi Ta Zama Tafki

Yaya Bawa,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da su Jidda. Ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sanyin Turkiyya ne ya ɗan kama mini ƙirji. Kada Inna ta ji.

Akwai taswirar duniya a intanet wadda kowa ke iya gyarawa. Sati uku ina zana fadamarmu, daga bakin gulbi har gonar Baba, don ta nan kaɗai nake leƙa gida. Jiya wani Bature da bai taɓa taka Kalgo ba ya shafe ta da shuɗi, ya rubuta tafki, wai hoton tauraron ɗan Adam ya nuna ruwa. Na ce hoton damina ne, da rani shinkafa muke nomawa. Ya ce in kawo hujja.

Don Allah ka lallaɓa Baba, ko da sanda, ya tsaya cikin gonar ka ɗauke shi hoto. Shekara arba'in yana noma wurin, yau sai ya tabbatar wa baƙo cewa shi ba kifi ba ne.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Ubaidullahi