Sufeton Kwantena

Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan sanyin ƙasar can bai gama da gwiwoyinki ba. Ina sanar da ke cikin girmamawa cewa kamfanin gidanmu ya yi sabon babban ma'aikaci: na naɗa Auta Sufeton Kwantena. Ofishinsa kujerar roba ce a bakin sito, kayan aikinsa tocila. In leburori sun cika kwantena da buhunan citta, shi ke shiga ƙarshe ya haska, ya fito ya ce a rufe.

Tun da kayan da ya raka suka ruɓe a tashar jiragen ruwa suna jiran jirgi, ya dawo mana kai ba daidai ba, ban ga yana cin abinci kamar yanzu ba. Har yau yana tambaya ko jirginsa ya iso. Nakan ce masa yana hanya.

Ƙaninki.

Ƙanena,

Na amsa gaisuwa. Cittar ta iso a bushe. Wasiƙarka ce ba ta yi mini daɗi ba. Auta ciwo gare shi, ba zaman banza ke damunsa ba. Yana shan maganinsa? Yaushe rabonsa da likita? Ka daina ce masa jirgi yana hanya. Ni na tsinto shi a bakin ruwan nan ko takalmi babu, na san inda maganar nan take kai shi.

Ka gaida Inna.
Yayarka.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ashe ban da citta har likitanci kike sayarwa a can. Maganin nan barci yake sa shi yana dalalar da miyau, Inna tana kuka, shi ya sa na ɗaga masa ƙafa. Littattafan da na karanta duk sun yarda aiki ma magani ne. Leburori sun saba da shi, ba mai ko kallonsa, kamar sikelin bakin ƙofa. Jiya ya tambaye ni, wai in jirgi ya ƙi zuwa, mutum yakan je ya tarye shi? Na ce wannan sai masana.

A huta lafiya.
Ƙaninki.

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Inna ta ce Auta bai kwana a gida ba, kai kuma ba ka ɗaga waya. Jiya kun yi lodi? Wa ya ga fitowarsa da idonsa? Ka tsayar da motar da ta ɗauki kwantenar a buɗe ta, ko da za mu rasa jirgi da mai saye gaba ɗaya.

Yayarka.

Yaya,

Mun cim ma motar a bakin tashar jiragen ruwa, aka fasa hatimin kwantenar. Yana can ƙurya bayan buhuna, tocilar ta mutu a hannunsa. Yana numfashi, amma likita bai yi mana alkawarin komai ba. Da ya buɗe ido ya tambaye ni ko mun iso. Na ce, "Babu jirgi, Auta." Ya juya fuskarsa bango.

Ni ne ban yi daidai ba.

Ƙaninki.