Faransancin Maigida

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Ja'afaru, abokin maigida, ya bugo waya daga Damagaram. Masu haƙa rijiyoyi suna neman direba, amma shugabansu ɗan Togo ne, ba ya jin Hausa. Ni ce na ɗan taɓa Faransanci a sakandare a Bici, shi ke nan na zama malama. Maigida ya ce ranar da na ce ya iya, ranar zai nemi a gwada shi. Allah ya sa ya samu. A littafin da nake karantawa, mijin ya je Dubai ya dawo da turare. Damagaram ma ai ƙasar waje ce.

Laraba, 8 ga Mayu
Je lui donne, na ba shi. Lui gaban aikatau take zama. Maigida kuwa sai ya bar ta a baya yana ja, kamar akuyar da ta ƙi kasuwa. "Je donne lui." Wayyo ni!

Asabar, 11 ga Mayu
Inna, surukata, ta leƙo muna karatu: "Wannan luwi-luwin ne zai cika mana rumbu?" Gero saura na ƙasa, taki kuwa an daina ko tambayar kuɗinsa.

Talata, 14 ga Mayu
Leur, wato musu. Na kira kaji tsakar gida, na ce ya watsa musu abinci yana faɗa. Ya tsaya da ƙwarya a hannu: "Je leur donne... Hure, yaya ake cewa dusa?" Dusa! Mazan littafi da harshen waje suke yabon idon matansu. Ga shi na baro littafin a babin ɗaurin aure, ban san ko ango ya iso ba.

Alhamis, 16 ga Mayu
Ashe aikin a daji ne, sai da Sallah ake zuwa gida. Ba wanda ya faɗa min sai yau. Na ɗauko littafi, shafi ɗaya nake ta maimaitawa. Zafin gari ne kawai.

Lahadi, 19 ga Mayu
Yau ko kuskure ɗaya bai yi ba. Je lui parle, je leur téléphone, har da je te donne, wato na ba ki, yana miƙo min mangwaro yana dariya.
"Malama, in kira Ja'afaru?"
Na ce da saura, leur ɗinsa bai zauna ba.
Ya zauna sarai. Kuma na san abin da ya rage a rumbu. Gobe zan faɗa masa ya iya. Ko jibi.