Munduwar Inna Ta Dawo Da Tauri

Talata da dare, 9 ga Sha'aban

Yau Sani, ɗan ƙanena, ya dawo mini da munduwar azurfar Inna daga wurin maƙeri a Ɗambatta. Na bayar a faɗaɗa ta ne saboda kumburin hannuna. A da da yatsu nake lanƙwasa ta. Yau ta ƙi motsi. Zuciyata ta ce an musanya.

Na ce, "Sani, a gabanka aka yi aikin?"

Ya ce, "Wallahi Gwaggo, ina tsaye yana ta dukanta da guduma." Amma ƙasa yake kallo.

Ban koyar da kimiyya a banza ba. Ƙwayoyin zarrar azurfa a jere suke tamkar ɗan akwati, ɗaya a kowace kusurwa, ɗaya a tsakiyar kowace fuska, shi ya sa sahu ke zamewa bisa sahu ta lanƙwasu. Yawan duka yana sarƙe sahun ta yi tauri, wuta kuma ta warware shi.

Ban tambayi kowa ba, na hura gawayi na gasa ta. Da ta huce, ta bi yatsuna kamar da. Sai na tuna jan ƙarfe ma haka yake yi, don haka na kankare cikinta da wuƙa. Fara ce har ciki. Ta Inna ce, alhamdulillahi.

Ban ba Sani haƙuri ba, tunda ban furta zargi ba. Nama kawai na ƙara masa a miya. Sai dai yawan godiyar da ya yi bai kwanta mini ba, kamar akwai abin da yake ɓoye mini.