Bencinan lakwal ɗin Dogo

Laraba da dare, Damagaram

Na dawo daga Dogo a gajiye, amma raina fari. Tun da muka fara binciken nan kan ko jama'a sun gamsu da kayan kwangilar gwamnati, amsa ɗaya nake samu: "Alhamdu lillahi, sai godiya." Masu binciken da nake karantawa sun karkata ga tambayar mai amfani da kaya, ba mai sa hannu a buro, wato ofis, ba. Daidai ne. Sai dai mutanenmu ba sa kushe abin da aka ba su a gaban baƙo.

In na rubuta kowa ya gamsu, ɗan kwangilar da ya kawo bencinan lakwal ɗin Dogo, wato makarantar garin, shi zai samu aikin garin Guna, alhali da idona na ga yara zaune a ƙasa.

Yau na sauya tambayar. Na ce wa iyayen yara, "Irinsu za a kai wa ƴan'uwanku na Guna. Me zan faɗa musu?"

Sai wata tsohuwa, Iya Hadiza, ta ce, "Ɗana, jikokina suna Guna. Ka ce katakon ɗanye ne, ƙusa kuma tana yaga wando."

"Iya, ɗazu kin ce sai godiya."

"Waccan amsar ta gwamnati ce. Yanzu da kai nake."

Aka kwashe da dariya, baki ya buɗe. Har la'asar ina rubutu.

Gobe zan roƙi shugabana mu yi wannan tambayar a sauran garuruwa, har da Tirmini. Ina jin zai yarda. Ƙannensa ma a lakwal ɗin Tirmini suke.